Littafin Soyayyar Hutun Bazara da Matasa Suka Kasa Gamawa: Nazarin Lamari

## Asalin lamarin

Marubuciyar da wannan nazari ya shafa malamar sakandare ce, shekararta 34 lokacin da rubutunta ya zo hannuna. Ba ta taɓa fitar da littafi ba. Wata 14 ta yi tana rubuta wannan, yawanci da daddare bayan ta gama duba aikin ɗalibai. Ni kuma sana'ata gyaran rubutu: a ba ni daftari in karanta, in nuna inda ya tsaya da ƙafarsa da inda ya karkace. Ta yarda in ba da labarin aikin da muka yi, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunanta ko na littafin ba. Lissafin watannin da ke ƙasa ya fara ne daga ranar da na karɓi daftarin farko.

Ga labarin a taƙaice. Yarinya ce 'yar shekara 17, ta gama sakandare, aka tura ta hutun bazara na mako 10 wurin kakarta a wani ƙaramin gari na bakin teku, kafin ta wuce jami'a. A can ta haɗu da wani saurayi ɗan shekara 18 da ke taya mahaifinsa gyaran jiragen ruwa. Abin da aka ɓoye mata shi ne iyayenta na shirin rabuwa, ba sa so gidan ya watse a gaban idonta. An bar ƙanenta ɗan shekara 9 a gida.

Masu buga littattafai suna sa irin wannan a rukunin adabin matasa, wanda aka fi nufin 'yan shekara 12 zuwa 18 da shi. Labarin da ke bin mutum daga ƙuruciya har ya mallaki hankalin kansa tsohon abu ne. Jamusawa suna kiransa Bildungsroman, kalmar da masanin adabi Karl Morgenstern ya yi lacca a kanta tun 1819. A Amurka kuwa, littafin da masana da yawa ke lissafawa cikin na farkon adabin matasa, Seventeenth Summer na Maureen Daly da ya fito a 1942, shi ma labarin soyayyar bazara guda ne. Wannan littafi zai sake shigowa cikin aikinmu daga baya.

## Wata na 1: daftarin farko

Kalmomi 96,000 ne, babi 41. Ya yi tsawo, don masu buga adabin matasa sun fi karɓar tsakanin 50,000 da 80,000 daga sabon marubuci. Jarumar ce ke ba da labarin da bakinta, amma tana da shekara 35, tana waiwayen abin da ya wuce. Rubutun tsaf yake. Akwai shafukan da har yanzu nake tunawa: warin kwalta a wurin gyaran jirage, yadda gishirin teku ke bushewa a fata, da kakar nan da ba ta amsa tambaya sai da wata tambayar.

Kafin ta turo mini, ƙawayenta uku, duk manya, sun karanta sun yaba. Na roƙe ta ta nemo matasa shida waɗanda ba ɗalibanta ba ne, domin ɗalibi ba zai kalli idon malamarsa ya ce littafinta ya gundure shi ba. Ta samo mata huɗu da maza biyu, 'yan shekara 15 zuwa 17. Abu ɗaya muka nema daga gare su: kowa ya faɗi babin da ya ajiye littafin, da abin da ya sa.

Mutum ɗaya ce ta kai ƙarshe. Ɗaya ya tsaya a babi na 5, uku tsakanin na 9 da na 12, ɗaya a na 17. Dalilai uku suka fito. Yawancinsu sun ce babu abin da ke faruwa. Wata ta ce ji ta yi kamar gwaggonta ce ta zaunar da ita tana ba ta labari, da nasiha a naɗe ciki. Wata kuma tambaya ta yi: ita yarinyar nan, me take so ne?

Duka ukun mun rubuta. Na farkon muka ɗauka a matsayin cutar.

## Wata na 2 zuwa na 4: an shigo da abokin takara

Tunda an ce babu abin da ke faruwa, sai muka nemi abin da zai faru. Aka ƙirƙiro saurayi na biyu, ɗan masu hali da iyayensa ke zuwa garin hutu, mai mota da iya magana. Shawarar tawa ce kamar yadda take tata, ban ja da ita ba. An ƙara babi 7, rubutun ya kai kalmomi 108,000.

Huɗu daga cikin shidan suka yarda su sake karantawa. Sun ɗan matsa gaba: biyu sun gama, biyu sun tsaya wajen babi na 20. Dukansu sun ce tun fitowar saurayi na biyu suka san ba shi za ta zaɓa ba, don haka ba su ji wata fargaba ba. Yarinyar da ta yi tambayar nan ta farko ta ce yanzu ta fara jin haushin jarumar, don ta koma kamar ƙwallo tsakanin mutum biyu, tana jiran wanda zai buga.

## Wata na 5 da na 6: an canja harshe

Marubuciyar ta koma kan maganar gwaggo, ta ɗauka kalmominta ne suka tsufa. Ta riƙa kasa kunne lokacin hutun tara a makaranta, tana rubuta kalaman da yara ke yayi. Ta zuba su cikin hirar jarumai, ta ƙara saƙonnin waya sama da 60, ta ambaci manhajoji da waƙoƙin da ake tashe.

Wannan karon martanin ya fi zafi. Sun ce kunya ta riƙa kama su suna karantawa. Wasu kalmomin an daina yayinsu tun kafin ta gama shigar da su, wasu kuma ta sa su inda ba nan ake sa su ba. Wani yaro ya kwatanta abin da babban mutum ya matse kansa cikin rigar ɗan firamare. Muryar mai shekara 35 tana nan yadda take, kalmomin bakinta kawai aka canja. Akwai kuma matsalar lokaci: daga ranar da kamfani ya karɓi littafi zuwa ranar da zai fito, sau da yawa shekara ce ko fiye, kalmar yayi kuwa ba ta jira.

## Wata na 7 da na 8: haɗarin jirgi

Ita kaɗai ta yanke wannan, sai dai ta sanar da ni bayan ta gama. Guguwa ta taso, jirgi ya kife, saurayin ya mutu a babi na 44. Cikin kwana 9 ta rubuta sabon ƙarshen, kuma ta ce da kuka ta rubuta shi. Ƙawayenta manya su ma sun yi kuka.

Matasa huɗu suka karanta, biyu tsofaffin hannu, biyu sababbi. Babu wanda ya yi kuka a cikinsu. Uku sun ce an yaudare su, an sa sun bi mutum babi arba'in da wani abu sannan aka kawar da shi ba gaira ba dalili. Ɗaya daga cikin mazan ya ce a ganinsa marubuciyar ta kashe shi ne don ta rasa yadda za ta yi da shi.

Na tura mata wannan yadda aka faɗa, ban rage ba. Mako uku ban ji daga gare ta ba. Da ta amsa, cewa ta yi za ta ajiye rubutun, ba ta ce har yaushe ba.

## Wata na 9 da na 10: an ajiye alƙalami

Ba ta rubuta komai ba. Karatu ta koma yi, littattafan matasa tsofaffi da sababbi, har da na Daly. Abu biyu ta lura da su a cikinsa ta gaya mini daga baya. An raba shi ne da sunayen watanni uku, Yuni, Yuli da Agusta, ta yadda mai karatu ke jin bazarar na zaizayewa a hannunsa. Sannan ya ƙare ne da tafiyar jarumar kwaleji, babu aure, babu mutuwa.

## Wata na 11: kalanda da tambaya guda

Da ta dawo, muka yarda mu jingine duk gyare-gyaren ukun mu koma daftarin farko mai babi 41. Aiki biyu na ba ta, kuma babu wanda ya ƙunshi rubuta sabon layi.

Na farko, ta zana gida 70 a babbar takarda, kowane gida rana ɗaya ta hutun, ta ɗora kowane babi a ranar da ya faru. Ga abin da ya fito: babi 23 sun cunkushe a kwana 12 na farko. Daga rana ta 13 zuwa ta 55, wato tsakiyar hutun duka, babi 8 ne kacal. Sauran 10 suna kwana 15 na ƙarshe. Har zuwa babi na 36 babu wanda ya ambaci kwana nawa suka rage. Ƙari a kan haka, a shafi na 3 mai ba da labarin ta riga ta faɗa cewa ba ta sake ganin saurayin ba bayan wannan bazara. Ita da kanta ta ga wannan layin, ta ja masa zane da jan biro.

Na biyu, ta rubuta layi ɗaya a gaban kowane babi, amsar tambaya guda: me yarinyar ta zaɓa da kanta a nan? Babi 37 ba su da amsa. Ana kai ta, ana kiranta, ana gaya mata, ana sonta. A huɗun da suka rage, uku ƙananan abubuwa ne: rigar da za ta sa, ko ta amsa saƙo, ko ta je taron bakin teku. Na huɗun yana babi na 29. Mahaifiyarta ta kira ta a waya, ta fasa mata maganar rabuwar, sannan ta tambaye ta ko za ta iya ɗaga tafiya jami'a da shekara guda ta taya ta kula da ƙanenta. Yarinyar ta kashe wayar. Duka abin bai cika shafi biyu ba, kuma littafin bai sake waiwayarsa ba har ƙarshe.

Na tambaye ta, Malama, me ya sa kika wuce wannan da gudu haka? Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce duk littafin ƙirƙira ne, garin da saurayin da kakar, ban da wannan kiran wayar. Shi ya faru da ita. Ita ta zauna, kuma shekara gudar ta zama uku kafin ta shiga jami'a. Ba ta taɓa faɗa wa mahaifiyarta abin da hakan ya ci mata ba.

Ban matsa mata ba a ranar. Abin da kawai na ce, matashiyar nan ta tambaye mu tun wata na farko me jarumar take so, kuma ga alama amsar tana cikin shafuka biyun nan. Ita malama ce, ta karanci Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, a kwas ɗin koyarwa, ta san ra'ayinsa cewa babban aikin shekarun balaga shi ne mutum ya gane ko shi wane ne a tsakanin matsayin da wasu ke ɗora masa. Ta ce ta sha rubuta hakan a jarrabawa, ba ta taɓa kawo shi kusa da littafinta ba.

## Wata na 12 zuwa na 16: sake gini daga tushe

Wata biyar aka yi. Kiran wayar ya dawo rana ta 9, a babi na 5. An sa wa'adi: dole jami'a ta sami tabbacin zuwanta kafin rana ta 60, in ba haka ba gurbin ya tafi. A saman kowane babi an rubuta kwanakin da suka rage.

Muryar ta koma ta 'yar shekara 17 da ke ba da labarin makonni kaɗan bayan faruwarsa, ba ta san komai game da abin da zai zo ba. Marubuciyar ta bi tsohon daftarin tana ƙirga jimloli irin su "da na san abin da na sani yanzu" da "daga baya ne na gane". Ta sami 74, ta cire su duka. Saurayi na biyu ya fita, haɗarin ya fita, kalmomin yayi sun fita. Saƙonnin waya 11 aka bari, waɗanda labarin ba zai tafi ba sai da su.

Canjin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na saurayin. A da kyakkyawa ne kawai mai iya kallo. Yanzu an ba shi matsayi: ya riga ya zaɓi zama a garin ya gaji sana'ar mahaifinsa, kuma da son ransa, ba don ya rasa mafita ba. A wurinsa zama ba abin kunya ba ne. Ita kuwa tsoronta kada tafiya ta zama cin amana. Saboda haka duk lokacin da suke tare, ko suna dariya, maganar tana nan a ƙasa. Idan ta zauna gida wurin mahaifiyarta, garinsa ya fi kusa, za su riƙa haɗuwa. Idan ta tafi, ta yi nisa da kowa. Son da take masa ya zama wani nauyi a gefe ɗaya na ma'aunin, kuma ta san da hakan, tana zargin kanta ko uzuri take nema. A rana ta 48 suka yi faɗa, ta ce masa ya zaɓi ƙaramar rayuwa, ya ce mata ita ba ta ma zaɓi komai ba tukuna. Babu wanda ya yi gaskiya duka a cikinsu, kuma marubuciyar ta bar shi haka.

Kakar ta ƙi yanke mata hukunci duk da roƙon da ta yi. A mako na 7 aka kawo ƙanen. Akwai babin da take koya masa kwanciya a kan ruwa, hannunta a ƙarƙashin bayansa, sai ya tambaye ta wa zai riƙa raka shi makaranta. Wannan babi sau shida aka sake shi, kowane karo ana rage abin da jarumar ke faɗa, har ya rage ba ta amsa masa ba.

A ƙarshe ta zaɓi tafiya. Ta koma gida kwana biyu ta faɗa wa mahaifiyarta baki da baki, mahaifiyar ta yi fushi, kuma littafin bai sasanta su ba. Rabuwarta da saurayin a wurin aikinsa aka yi. Ta same shi yana gyaran wani jirgi, ta riƙe masa katako ya buga ƙusa, suka yi sallama babu alkawari. A mota ta ga tabon kwalta a hannun rigarta.

Wuri ɗaya muka saɓa. Tana so ta ƙara babin rufewa, bayan shekara goma, a ga inda kowa ya ƙare. Ni ban so ba. Muka yarda a ba masu karatu su raba gardama.

Sabon daftarin kalmomi 68,000 ne, babi 28. Kusan kalmomi 19,000 ne suka tsira daga na farko, yawancinsu na kakar da na teku.

## Wata na 17: sababbin masu karatu

Matasa bakwai, 'yan shekara 14 zuwa 18, babu wanda ya ga tsofaffin daftarin. Shida sun gama, mafi sauri cikin kwana 2, mafi jinkiri cikin 9. Na bakwan ya tsaya a babi na 8, ya ce shi dama labarin soyayya ba nasa ba ne.

A wannan karon maganar da suka yi kan jarumar ce, ba kan rubutun ba. Huɗu sun ce ta yi daidai da ta tafi, biyu sun ce son kai ne, ɗaya daga cikinsu har ta rubuto shafi guda tana kare ƙanen. Game da babin rufewa, biyar cikin shida sun ce a cire, sun fi so su yi ta tunanin abin da kansu. Marubuciyar ta cire. Ƙorafe-ƙorafe biyu suka maimaitu: tafiyar ta yi nauyi daga babi na 14 zuwa na 17, kuma mahaifin kamar babu shi a labarin.

## Wata na 18 zuwa na 25: neman mai bugawa

An rage kalmomi 3,000 a tsakiya, an ƙara fitowar mahaifin sau biyu. Ta aika wurare 12. Bakwai sun ƙi, uku ba su amsa ba, biyu sun nemi cikakken rubutun. Cikin waɗanda suka ƙi, biyu sun ba da dalili: ɗaya ya ce masu sayen labarin bazara suna son ƙarshe mai daɗi, ɗayan ya ce littafin ya cika sanyin tafiya. Cikin biyun da suka karanta duka, wani ƙaramin kamfani ya karɓa, da sharaɗin a canja suna kuma a ƙara babi ɗaya a mako na 4 inda masoyan za su ji daɗin juna kawai, babu inuwar wa'adi. Ta rubuta shi. An sa hannu a yarjejeniya a wata na 25, littafin kuma yana hannunsu ana shirin bugawa.

## Yadda na ga lamarin

Gyare-gyare ukun da suka faɗi iri ɗaya ne, ko da yake a lokacin kowanne ya yi mana kama da sabuwar dabara. Abokin takara, kalmomin yayi da mutuwa duk abubuwa ne da aka ɗora wa yarinyar daga waje, ita kuma tana tsaye inda take. Da matasan suka ce babu abin da ke faruwa, mun ji kamar suna neman tashin hankali. Abin da suka rasa shi ne mutum mai wani abu a hannu da zai iya suɓuce masa. Haɗarin jirgin ya fi sauran muni a ganina, domin ya ƙwace wa jarumar rabuwar da ya kamata ta yi da hannunta.

Kalandar ta yi aiki ne don labarin bazara ƙarfinsa yana cikin ƙarewarsa. Kwana 70 ne, kowa ya sani, kuma daftarin farko ya ɓoye wannan agogo har babi na 36. Canja muryar ya yi aiki don mai shekara 35 ta riga ta tsira, tana magana daga tudun mun tsira, mai karatu ɗan 16 kuwa yana cikin ruwan. Manyan da suka yaba daftarin farko ba ƙarya suka yi ba, su aka rubuta wa shi ba tare da an sani ba. Amma waɗannan biyun da ba su isa ba in da ba a buɗe shafuka biyun nan na babi na 29 ba, kuma wannan ba dabarar edita ba ce. Marubuciyar ce ta yarda ta zauna wata biyar da abin da ta yi shekaru tana kaucewa, ta kuma bar jarumarta ta yi zaɓin da ita ba ta yi ba, ba tare da ta mayar da mahaifiyar muguwa ba.

Akwai laifina a ciki. Tambayar da ta warware komai tana cikin takardata tun wata na 1, daga bakin yarinya 'yar shekara 16, na tsallake ta na bi ƙorafin da ya fi yawan masu faɗa. Wata bakwai na aiki suka tafi a haka, kuma saura kaɗan littafin ya tafi tare da su. Ya kamata in ba da aikin kalanda da na tambayar nan kafin a taɓa ko layi ɗaya.

Matasa goma sha biyar ba su isa a ce an auna kasuwa ba, kuma kamfanin da ya ce littafin yana da sanyin tafiya bai yi kuskure ba. Editan da ya nemi babin farin ciki a mako na 4 ya ga abin da ni da ita muka rasa: mun duƙufa kan wa'adin har soyayyar ta kusa rasa daɗinta. Mahaifin kuwa har yanzu bai cika mutum ba a idona. Fitowa biyun da aka ƙara masa toshe rami suka yi, kuma na faɗa mata haka kafin ta miƙa daftarin ƙarshe.